Famfon da Bai Mutu Ba

Tun yana yaron gareji aka laƙa masa suna Zomo, kuma ba don gudu ba. Kunnensa ne ya jawo masa. Mota za ta shigo layin kanikawa tana tari, kafin direba ya kashe inji shi ya riga ya faɗi abin da ke damunta daga inda yake zaune, ko kai bai ɗaga ba. Wasu kanikawan sai sun kwance rabin inji kafin su gano ciwo, shi kuwa saurara kawai yake yi. Da wannan kunnen ya buɗe garejinsa, da shi ya yi aure, da shi ya aurar. Har gashin kansa ya yi fari aka ƙara masa Baba a gaban sunan, amma Zomon bai fita ba.

To, kunnen ne yake tafiya, kuma bai gaya wa kowa ba.

Bai tafi rana ɗaya ba, da ma abin ya zo da sauƙi. Kukan tsuntsayen da ke kan wayar lantarki ne ya fara ɓacewa, bai ma lura ba. Sai ƙarar wayarsa a aljihu. Sai muryar jikokinsa, wadda ta koma kamar daga bayan bango suke magana. Ƙara mai nauyi, irin ta guduma da ta babbar mota, tana nan tana isa gare shi. Siraran ne suka gudu, kuma a siraran nan mota ke faɗin gaskiyarta. A gurbinsu wani fito ya zauna masa a cikin kai, siii, ba dare ba rana. Sai ya koyi kallon leɓen mai magana. Ya koyi gyaɗa kai, ya koyi yin dariya idan ya ga mutane sun yi. Yaransa na gareji duk sun girma sun buɗe nasu, shi kuma bai ɗauki sababbi ba. Idan an tambaye shi sai ya ce yaran zamani ba su da haƙurin koyo. Gaskiyar maganar ita ce, yaron da ke wuni tare da kai shi zai fara gano ka. Bakaniken da aka sani da kunne, in aka ji kunnen ya mutu, wa zai sake kawo masa mota? Tsoron da yake kwana da shi yake tashi da shi ke nan.

Yayarsa, wadda take binsa da Auta har gobe duk da furfurarsa, tana da wata tsohuwar mota shuɗiya, irin na farko-farkon da suka zo da injin da ke fesa mai da lantarki, wato injakta, bayan an bar yayin kafireta. Fentin ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma a hannun Zomo ta tsufa, babu ƙusar da bai sani ba a jikinta. Mijin Yaya yana fama da ciwon ƙoda, kuma da motar nan take kai shi asibiti a wanke masa jini, ita ke tuƙi da kanta. 'Ya'yanta sun sha cewa a rabu da motar. Ta ce kujerar gaba tana kwantawa daidai da bayan mahaifinsu, sannan muddin Auta yana raye motar ba za ta kunyata ta ba.

Sai motar ta tsiro da wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗauki zafi aka kashe ta, shi ke nan, ta ce ba ta san zance ba. Kik zai yi ta juya inji har batir ya fara numfashi sama-sama, ita ko gezau. In aka ƙyale ta ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Ranar da aka fara turo masa ita da zafinta, Zomo ya yi abin da ya saba yi tun zuwan irin waɗannan motocin. Famfon mai yana cikin tanki, a ƙarƙashin kujerar baya. Idan aka murɗa makulli rabi, kafin a ba ta wuta, famfon yakan yi ɗan siririn kuka yana tura mai zuwa inji, sannan ya yi shiru. Ya murɗa, ya kwantar da kansa a kan kujerar baya. Shiru. Ya duba fis, lafiyarsa lau. Ya ɗora yatsa a kan rile, ɗan akwatin da ke sakar wa famfon wuta, ya ji ya buga a ƙarƙashin yatsan. Wuta na zuwa ke nan, famfo kuma bai yi kuka ba. Da a ce bakaniken da bai yarda da kunnensa ba ne, da ya kwance tiyo ya ga ko mai na fitowa, aikin da bai fi a sha ruwa ba. Shi kuwa tsawon rayuwarsa kunnen nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ranar bai yarda ya tuna cewa ba kunnen da ba ne.

"Famfo ne, Yaya," ya ce. "In ya yi zafi sai ya suma."

"Ka tabbata, Auta?"

"Ni kike tambaya?"

Ya cire kujera, ya buɗe tanki, ya sa sabon famfo. Kafin ya gama motar ta huce, don haka bugu ɗaya ta tashi. Ya bugi ƙirji ya ce ta tafi ko'ina take so. Tsohon famfon ya jefa shi kan kantar garejin, cikin tarkacen da ba ya iya zubarwa.

Mako bai zagayo ba wasu majiya ƙarfi suka turo motar zuwa bakin garejin da tsakar rana, Yaya na riƙe da sitiyari. Ta fito, ba sallama, ba gaisuwa. Mayafinta ya jiƙe da gumi, idanunta sun yi ja. Ta tsaya dab da shi, kuma ranar ba ya buƙatar kallon leɓenta.

"Daga asibiti muke. Na tsaya shan mai, na kashe ta, ta ƙi tashi. Mutumin da aka gama wanke wa jini, ko zama ba ya iyawa, shi na bari a cikin ƙarfe a rana yana haki. Sai da ya yi amai a jikinsa a gaban mutane. Wani bawan Allah ne ya ɗauke shi a motarsa ya kai min shi gida. Ka ce min famfo ne."

Mijin Yaya mutum ne mai tsabta da kamun kai, wanda ko rigarsa ba ya bari ta yamutse. Zomo ya hango shi a ransa cikin wannan hali. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro.

"Ki bar min ita," ya ce.

"Jibi muna da komawa asibiti."

"Za ki same ta."

Ta dube shi, ta ajiye makullin a kan bonet, ta juya ta tari mota ta tafi.

Ya jira ta huce, ya ba ta wuta, ta tashi. Ya bar ta tana aiki a cikin garejin, allurar zafi na hawa a hankali, shi yana zagaye ta yana goge hannun da ba datti. Da ta yi zafi sosai ya kashe ta, ya ɗan dakata, ya sake murɗawa. Kik ya juya, ya juya, kamar an shuka dusa. To, ga ciwon a gabansa. Ya mayar da makulli baya, ya sake murɗa shi rabi, ya yi sauri ya kwantar da kai a kujerar baya, daidai saman sabon famfon da ya sa da hannunsa.

Shiru, sai fiton cikin kansa.

Ya daɗe a durƙushe a wurin, gwiwarsa a kan dakalin ƙofa. Famfo ɗaya yana iya mutuwa. Amma biyu, tsoho da sabo, su yi bebantaka iri ɗaya a mota ɗaya? Ya san amsar tun kafin ya miƙe, ƙafafunsa ne kawai ba sa son kai shi. Ya je wurin kantar ya tono tsohon famfon daga cikin tarkace. Man jikinsa ya bushe, ƙura ta hau shi. Ya ɗauko wayoyi biyu, ya riƙe famfon a tafin hannu, ya dangwala su a kan batirin da ke ƙarƙashin benci.

Famfon ya zabura a hannunsa. Yana juyawa da ƙarfi, tsikar tafinsa na tashi, har sai da ya damƙe shi don kada ya suɓuce. Lafiyarsa ƙalau. Kuma ga shi a hannunsa, bai fi tsawon kamu ɗaya daga fuskarsa ba, amma bai ji komai ba. Sai da ya kai shi gindin kunne ya jiyo wani abu can nesa, kamar sauro a ɗakin maƙwabta. Ya cire wayar. Ya zauna a kan tsohuwar tayar da yake zama, famfon a cinyarsa, yana kallon ramin garejin da bangon da ya rataye sifanu bisa tsayinsu. Bai yi kuka ba, amma baƙin cikin da ya ji ya fi na kuka.

A haka matarsa ta same shi. Kullum in rana ta karkata takan kawo masa abinci a kwano, ɗaure da ƙyalle, ta tsaya ya ci ta koma da kwanon. Ta ga motar Yaya, ta ga famfon a cinyarsa, ta ga fuskarsa. Ta ajiye kwanon a kan benci ba ta kwance ba.

Ya tashi ya ja ƙofar garejin ta rufe rabi, don mai facin da ke maƙwabtaka da shi idonsa ba ya zama wuri ɗaya.

"Tsohuwa," ya ce, don haka yake kiranta tun suna da ƙuruciya, "shiga bayan motar nan ki zauna."

"Ina za ka kai ni?"

"Ba inda za mu. Zan murɗa makulli. Ki sunkuya ki saurara, ki gaya min in kin ji wani abu a ƙarƙashinki."

Ba ta tambaye shi me ya hana shi saurara da kansa ba. Wannan rashin tambayar ya fi masa ciwo fiye da in ta tambaya. Ta tattare zaninta ta shiga, ta sunkuya. Ya murɗa, ya juyo yana kallon bakinta.

"Ga shi nan," ta ce da ƙarfi, tana fuskantarsa, kamar yadda ta jima tana yi masa magana a gida. "Yana yin zzzz, kamar ƙudan zuma. Ya tsaya."

"Kin tabbata?"

"Sake."

Ya sake. Ta gyaɗa kai tun kafin ta yi magana.

Ya fito ya buɗe bonet, ya sassauta tiyon da ke kawo mai kan inji. Fetur ya yi tsartuwa ya jiƙa masa hannun riga. Mai na zuwa, da ƙarfinsa ma. Ya ɗaure, ya goge wurin tas, ya jira ya bushe. Daga nan sai aikin ya karɓe shi, kamar yadda yake yi kullum, baƙin cikin ya ɗan ja gefe ya ba shi wuri. In mai ya iso ƙofa, to ko dai nozul ba sa buɗewa su fesa shi, ko kuma babu wutar da za ta kunna shi. Ya ɗauko dogon sukundireban nan mai ƙotar katako, wanda ƙotarsa ta yi santsi saboda daɗewa a jikin kunnensa. Ya dasa bakinsa a kan nozul na farko, ya miƙa wa matar tasa ƙotar.

"Sa a kunnenki. Ki danna sosai. Ki kama mayafinki, kada belet ya ja shi."

"Yau ni ce bakanike? Da ka faɗa da na zo da baƙar riga."

"In na ba ta wuta za ki ji gurnanin kik, ki ƙyale wannan. A cikinsa nake so ki nemo wani ɗan bugu, ƙas-ƙas-ƙas, kamar agogo."

Ya shiga ya murɗa. Ta cikin gilashi, ta tsagar da ke ƙarƙashin bonet, yana hango ta: dattijuwa mai jikoki, ta rufe ido, ta tsuke baki, tana saurara da gaske kamar an ba ta amanar rai. Ta ɗago ta girgiza kai. Ya matsar mata zuwa na biyu, haka. Na uku da na huɗu, haka.

Ya cire wayar fulogi ɗaya, ya sa mata tsohon fulogi, ya kwantar da shi a jikin inji. Wannan karon ita ya zaunar a kujerar direba, ya nuna mata yadda za ta murɗa da yadda za ta saki in ya ɗaga hannu. Wannan aikin ido ne, kuma idonsa da sauransa. Ta murɗa. Ko ƙyas, babu tartsatsi.

Ya tsaya ya dafa motar. Nozul sun yi shiru, fulogi ba wuta. Abu biyu ba sa mutuwa tare sai in mai ba su umarni ne ya yi shiru. Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ba ta sakin mai ko wuta sai ta san inji na juyawa, kuma wata 'yar sensa ce ke gaya mata, can ƙasa kusa da fulen da ke juya belet, inda zafi ke taruwa. In sensar ta tsufa, zafi kan ɗauke mata hankali. Inji na juyawa, ƙwaƙwalwa na zaton a tsaye yake.

Ya ɗauko butarsa, ya kwanta a ƙasa, ya laluba ya samo sensar da yatsa, ya tsiyaya mata ruwan a hankali har ya ƙare. Tururi ya ɗan tashi. Ya ɗaga hannu ta ƙarƙashin motar.

"Murɗa!"

Motar ta tashi. Ya ji ta a bayansa ta cikin siminti kafin ya ji ta a kunne. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya tarar matar ta riga ta fito ta ɗauki sukundireban da kanta ta dasa a kan nozul.

"Ga shi!" ta ce, fuskarta ta washe. "Kamar keken ɗinki!"

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ya kashe motar. Matar ta kwance kwanon, ya zauna ya ci kaɗan, ita tana tsaye tana goge baƙin mai daga yatsunta da ƙyallen.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya, idonsa a cikin kwano. Sai ya tuna dole ya ɗago in yana son amsa.

"Tun ranar da tukunya ta ƙone kana zaune a tsakar gida ina kiranka daga banɗaki. Ban ga amfanin faɗa ba. Na ce in ka shirya za ka faɗa da bakinka." Ta ninke ƙyallen. "Maigida, ka gaya wa Yaya."

"Mota ta gyaru. Gobe in sa sabuwar sensa, magana ta ƙare."

"Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

"In Yaya ta ji, 'ya'yanta sun ji. In sun ji, layin nan ya ji. Sai in zauna ina gadin sifanu?"

"Na ji yau mijinta amai ya yi. Gobe fa?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ita, abin da yanzu ba ya masa wuyar yi. Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Washegari ya nemo sensa mai kyau ya ɗaura. Ya bar motar ta yi zafi, ya kashe, ya kunna, ta tashi. Ya maimaita har ya gaji, ba ta yi masa gardama ko sau ɗaya ba. Da yamma Yaya ta zo, fushin ya sauka amma fuskar ba ta gama sakewa ba. Ya nuna mata tsohuwar sensar a tafin hannunsa, abu kamar ɗan yatsa.

"Wannan ce ta wahalar da mu. Da ma da ita da famfon duka sun gaji."

Ƙaryar ta fita sumul, ba ta ko yi tuntuɓe ba, kuma ya tsani kansa da jin sauƙin fitarta.

"Na ji," in ji Yaya. "Amma wannan karon ba zan tafi ni kaɗai ba. Shiga, mu zagaya, ta yi zafi, in kashe ta da hannuna in gani."

Ya kulle gareji ya shiga kujerar gaba. Kujerar a kwance take rabi, yadda aka bar ta wa mara lafiya, ga ɗan matashin kai da tawul a ninke a gefe. Bai ɗaga ta ba, ya zauna a ɗofane. Suka fita layin, suka hau babban titi, suka wuce gidan man da abin ya faru. Yaya ba ta kalli wurin ba. A bakin wani kanti ta tsaya, ta kashe, suka zauna jim, ta murɗa. Bugu ɗaya. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗan bugi sitiyarin da tafin hannu kamar mai lallashin yaro.

A kan hanyar dawowa ne, da ta sha kwanar shataletale, ya ga ta karkatar da kai. Ta rage gudu, ta sauke gilashi. Ta taɓa shi a hannu, ya juyo.

"Ka ji wannan?"

Ya kalli bakinta.

"A gaba, ta ɓangarenka. Tun shekaranjiya nake jin sa in na sha kwana ko na taka burki, na manta ban faɗa maka ba saboda fushi. Bari in sake." Ta zagaya shataletalen a karo na biyu, ta ɗan taɓa burki. "Ga shi nan! Ka ji ko? Mene ne?"

Ya kasa kunne da duk abin da ya rage masa. Akwai gurnanin inji, akwai iska, akwai fiton nan nasa. Bayan su babu komai. Amsar da ya saba bayarwa tana nan a kan harshensa a shirye: ba komai ba ne, Yaya, tsufa ne, ki ci gaba da tafiya. Zai iya zama ba komai ɗin. Zai iya zama ɗan dutse ne ya maƙale. Zai kuma iya zama boris ɗin da taya ke juyawa a kai ne ke shirin watsewa, ko burki ne ya cinye har ƙarfe. Gobe da safe mutumin da ba ya iya zama zai kwanta a wannan kujerar, a saman wannan ƙafar, a kan titin da manyan motoci ke gudu. Hannun Zomo yana kan tawul ɗin, bai san lokacin da ya damƙe shi ba.

"Ban ji ba, Yaya."

"To bari in sake zagayawa."

"Ko kin kwana kina zagayawa ba zan ji ba." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. "Kunnena ya tafi. Ya daɗe da tafiya. Famfonki lafiyarsa ƙalau, yana can kan benci. Yana ta kuka, ni ne ban ji shi ba. Ni na bar maigidanki a rana."

Ta fita daga shataletalen ta gangara gefen titi ta tsaya. Idonta na kan hanya. Ya ga leɓenta na motsi, amma daga gefe ba ya iya karanta su. A da, da sai ya gyaɗa kai.

"Ban ji me kika ce ba," ya ce.

Ta juyo. Hawaye ne a fuskarta, da fushi, duka biyun. Ta miƙa hannu ta kama kunnensa, ta jawo kansa kusa da bakinta kamar yadda take yi masa lokacin da take goyonsa.

"Na ce kai wawa ne, Auta! Ni ce zan yi maka dariya? Ni da na wanke maka kashi? Ka zauna kai kaɗai da wannan abu, kana yi min murmushi kamar bare!" Ta sake shi, ta goge ido da gefen mayafi. Ta daɗe tana kallonsa. "Yanzu ya za mu yi da ƙarar nan? Gobe da sassafe za mu fita."

Ya san amsar, kuma ya san abin da za ta ci masa. A ƙarshen layin kanikawa akwai garejin Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a hannunsa cikin waɗanda ya koya wa aiki, yanzu shi ma mai iyali ne da nasa masu kawo mota. Garejin a buɗe yake ta ko'ina, kuma da yamma nan ne kanikawan layin ke taruwa su huta. Duk abin da aka faɗa a wurin, kafin a rufe shaguna ya kai ƙarshen layi ya dawo.

"Mu je wurin Dogo," ya ce.

"In sauke ka a gida in je ni kaɗai? Sai in ce ba ka nan."

"A'a. Ni zan kai ta."

Suna tsayawa Dogo ya taso da sauri yana goge hannu, ya rusuna ya gaishe shi. Mutanen da ke kan benci ma suka ɗaga hannu, har da mai faci. Zomo ya fito ya tsaya a jikin motar. Bai ja Dogo gefe ba, don ya san ko ya so yin raɗa ba zai ji amsar ba.

"Akwai ƙara a ƙafar gaba ta dama," ya ce. "Yaya tana ji, ni ba na ji. Kunnena ya daina aiki. Zo ka saurara min."

Hirar da ake yi a kan benci ta tsaya, ya ga haka a bakunansu. Dogo ya dubi ƙasa, ya dube shi. Sannan ya juya, ya jawo jak ya ɗaga ƙafar. Ya tsuguna, ya kama tayar da hannu biyu ya wulwula ta, ya karkatar da kai ya lumshe ido ɗaya, daidai yadda aka koya masa. Tayar tana ta juyawa. Zomo ya matso ya tsuguna a gabansa, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon fuskar Dogo, yana jira ya ga abin da motar ke faɗa.